YAƘIN BAKI: YADDA BIYAFARA TA NEMI FARIN JINI A IDON DUNIYA

Wannan shi ne cikakken jawabin da aka gabatar a wani taron ƙara wa juna ilmi a Minna, babban birnin Jihar Neja. An buga shi a wannan shafi saboda 'yan'uwa mazauna Ikko, Badun, Inugu, Anaca da Fatakwal, waɗanda maganar ta fi shafa.



Kafin Kaduna ta zama hedkwatar Arewa, Zungeru ce mazaunin Gwamna, kuma da aka shimfiɗa hanyar dogo sai Minna ta zama mahaɗar jiragen ƙasa. Aikin gwamnati da na reluwe da fatauci suka jawo mutanen Kudu, suka zauna, suka hayayyafa. Cikin 'ya'yan da aka haifa a wannan yanki akwai uku da tarihin Nijeriya ba zai manta da su ba. Dokta Nnamdi Azikiwe a Zungeru aka haife shi cikin 1904, da Hausa kuma ya buɗe baki. Cyprian Ekwensi, marubuci, nan Minna aka yanke cibiyarsa cikin 1921. Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu shi ma a Zungeru ya zo duniya cikin 1933. Da yaƙin basasa ya ɓarke, na ukun ya zama shugaban Biyafara, na farkon ya zama jakadanta mai yawo ƙasa-ƙasa, na biyun kuwa aka ba shi shugabancin ofishin da ke tallata ta a ƙasashen waje. Saboda haka in ana maganar yadda ƙasar da duniya ba ta gama amincewa da ita ba ta ke neman shiga zukatan mutane, ba sai an tafi nesa neman misali ba.

Ƙarfin ƙasa iri biyu ne. Akwai ƙarfin tuwo, watau bindiga da kuɗi, wanda a ke tilasta wa mutum da shi ko a saye shi. Akwai kuma ƙarfin farin jini, wanda ke sa mutum ya so ka da kansa, ya ɗauki maganarka ya kai inda ƙafarka ba ta zuwa. Wani masanin Amurka, Joseph Nye, shi ya laƙaba wa na biyun suna cikin 1990, ya kira shi ƙarfi mai laushi. Amma tun kafin a haife shi Bahaushe ya riga ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Duk wanda ya taɓa kai shanu Sabo ta Badun ko ya sayi goro a Shagamu ya san halin baƙon da ya sauka zango ba shi da maigida. Ko da kayansa sun fi na kowa kyau, ba mai ba shi lamuni, ba mai tsaya masa in rigima ta tashi. Haka ƙasar da ba a amince da ita ba ta ke. Fasfonta takarda ce kawai, kuɗinta ba ya ciwuwa a waje, ba ta da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, ba ta iya cin bashi ko sayen makamai a fili. Abin da ya rage mata shi ne bakinta, da bakin duk wanda ta iya arowa.

Ranar 30 ga watan Mayu, 1967, Laftanar-Kanar Ojukwu ya yi shelar ɓallewar Jihar Gabas, aka fara ɗauki-ba-daɗi ranar 6 ga Yuli. Kafin shekara ta zagayo Inugu ta faɗi, Kalaba ta faɗi, Anaca ta faɗi, a watan Mayu na 1968 kuma Fatakwal ta bi su. Biyafara ta rasa bakin teku, aka yi mata zobe. A fagen fama ke nan. A fagen magana kuwa lokacin ne ta fara cin nasara.

Ba da ka aka yi aikin ba. Akwai Rediyon Biyafara, wanda a ke ƙaura da na'urarsa daga wuri zuwa wuri, yana ta magana kamar har gobe Inugu na hannu. Aka buga kan sarki, aka buga takardun kuɗi, aka yi tuta mai hoton fitowar rana, aka yi taken ƙasa, don kowa ya ga siffar ƙasa sosai. Aka tura mutanen da Turai da Amurka ke ganin girmansu: Azikiwe, tsohon Shugaban Ƙasa, Farfesa Kenneth Dike, tsohon shugaban Jami'ar Badun, Chinua Achebe, wanda littattafansa sun riga sun shiga makarantun duniya. Cikin 1969 Achebe da Ekwensi da mawaƙi Gabriel Okara suka zaga Amurka suna yi wa ɗalibai da malamai bayani. Amma babban makamin yana birnin Janiba ta ƙasar Siwizalan. A farkon 1968 aka ɗauki wani kamfanin talla mai suna Markpress, na wani Ba'amurke William Bernhardt. Labari zai taso daga dajin Gabas ta wayar tangaraho, a gyara shi a Janiba, kafin gari ya waye ya isa teburin editocin jaridu da 'yan majalisar Ingila. Kamfanin ya kan kuma shirya wa 'yan jarida jirgi su je su gani da idonsu. Gwamnatin Tarayya a Ikko tana ganin gaskiyarta a fili ta ke, ba ta bukatar talla. Sai da ruwa ya kusa cin ta a wannan fage ta farka.

Abin lura shi ne kiran farko bai karɓu ba. Da aka ce wa duniya ga al'umma mai ilmi da arzikin man fetur tana neman 'yancin kanta, ba wanda ya motsa. Sai aka sake salo, aka ce yaƙin addini ne, wai rundunar Musulmi ce daga Arewa ta taso ta shafe Kiristocin Gabas. Wannan ya shiga majami'un Ailan da Jamus da Amurka. Alhali kuwa Janar Yakubu Gowon Kirista ne, ɗan mai wa'azin bishara, a Wusasa ya tashi. Cif Obafemi Awolowo ke riƙe da baitulmali, Cif Anthony Enahoro ke riƙe da watsa labarai, Dokta Okoi Arikpo, mutumin Gabas, ke riƙe da harkokin waje. Sojan Tarayya kuwa cike ya ke da Tibi da Angas da Yarbawa da sauran Kiristoci. Amma mai karatun jarida a Dublin bai san Wusasa ba. Abin da aka zana masa shi ne Bahaushe da takobi.

To, sai a faɗi gaskiya ko da ɗaci, domin ruwa ba ya tsami banza. Farfagandar ba a kan iska aka gina ta ba. Cikin 1966, a watan Mayu da kuma Satumba zuwa Oktoba, an kashe dubban mutanen Gabas a garuruwan Arewa, har Gwamnatin Gabas ta ce sun kai 30,000, fiye da miliyan guda kuma suka gudu gida. Wani labari da rediyon Kwatano ya watsa, cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas, ya ƙara wa wutar mai, wanda ya isa ya nuna cewa baki ya fara ɓarna tun kafin igwa. An kuma kashe 'yan Arewa a Gabas, aka kori sauran, suka bar rumfuna da gidaje da suka yi shekaru suna tarawa. A watan Oktoba na 1967 sojan Tarayya sun harbe ɗaruruwan maza farar hula a Asaba. Mutumin da ya tsira daga Sabon Gari da rigar jikinsa kaɗai, ba sai wani kamfani a Janiba ya koya masa tsoro ba.

Yunwar ma gaskiya ce. Da aka toshe teku, busasshen kifin Norway da mutanen Gabas suka dogara da shi ya yanke, shanun Arewa suka daina zuwa, miliyoyin mutane suka cunkushe a ɗan yankin da ya rage. Tamowa ta kama yara, ciki ya kumbura, gashi ya yi ja. A watan Yuni na 1968 jaridun Landan da talabijin suka nuna hotunan, ranar 12 ga Yuli mujallar Life ta Amurka ta sa su a bangonta. Wannan ne karo na farko da Bature na cin abincin dare a ɗakinsa ya ga yaron Afirka na mutuwa da yunwa a akwatin talabijin. Gani ya kori ji. Cikin 'yan makonni sunan da ba wanda ya sani ya zama abin da yaran makaranta ke tara masa kwabbai.

Abin da wannan tausayi ya jawo ba kaɗan ba ne. Ƙungiyoyin majami'u suka haɗu suka riƙa jigilar abinci da magani daga tsibirin Sawo Tome zuwa Uli, inda aka faɗaɗa wani titin mota ya zama filin jirgi. Da dare a ke sauka, fitilu a kashe sai jirgi ya kusa taɓa ƙasa. An yi sawu fiye da 5,000, an kai kaya wajen tan 60,000. Richard Nixon, yana neman shugabancin Amurka cikin 1968, ya yi maganar kisan ƙare dangi. Gwamnatin Janar de Gaulle ta Faransa ta fito ranar 31 ga Yuli, 1968, ta ce a warware rikicin bisa 'yancin al'umma na zaɓar makomarta, makamai kuma suka riƙa bi ta Gabon da Kwaddibuwa. A watan Nuwamba na 1969 mawaƙin Ingila John Lennon ya mayar wa Sarauniya lambar girman da ta ba shi, cikin dalilansa har da goyon bayan da Ingila ke bai wa Nijeriya. Wasu likitocin Faransa da suka yi aiki a can, cikinsu har da Bernard Kouchner, su suka kafa ƙungiyar likitocin da ba ruwansu da iyaka cikin 1971, wadda har yau ta ke aiki a asibitocin Arewa.

Sai a zo ga lissafi. Ƙasashe nawa suka amince da Biyafara? Biyar. Tanzaniya ta fara ranar 13 ga Afrilu, 1968, Gabon da Kwaddibuwa da Zambiya suka biyo baya cikin watan Mayu, Haiti ta cika ta biyar a watan Maris na 1969. A lura, huɗu daga ciki sun amince tun kafin hotunan yara su cika duniya. Bayan hotunan, duk da hawayen da aka zubar daga Dublin zuwa Niyok, ƙasa ɗaya tak aka ƙara. Faransa ta ba da harsashi, ta hana sa hannu. Nixon ya hau mulki, ya ƙara agaji, bai amince ba. Fadar Paparoma ta yi ta shiga tsakani, ba ta amince ba.

Dalili kuwa shi ne tausayi da amincewa ba gida ɗaya su ke kwana ba. Tausayi na talakawa ne, da hoto a ke samunsa. Amincewa ta gwamnatoci ce, su kuwa lissafin moriya su ke yi. Tun cikin 1964 a Alƙahira, Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta yanke shawarar a bar iyakokin da aka gada daga Turawa yadda su ke, domin kowane shugaba yana da nasa yankin da ke iya ɓallewa, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. A taron Kinshasa na 1967 da na Aljiyas na 1968 ƙungiyar ta tsaya kan Nijeriya ɗaya. Kwamitin da ta naɗa, ƙarƙashin Sarki Haile Selassie, yana da Shugaba Diori Hamani na Nijar da Shugaba Ahmadu Ahidjo na Kamaru, maƙwabta biyu da ba su ba da ƙofa ba. Ingila na da jarin man fetur, Rasha na neman gindin zama a Afirka ta Yamma, duka biyu suka sayar wa Ikko makamai. Bugu da ƙari, jihohi 12 da Gowon ya ƙirƙira ranar 27 ga Mayu, 1967, sun bai wa Ijo da Efik da Ibibiyo jihohinsu, don haka da yawa cikin mutanen da a ke cewa ana yaƙi dominsu ba su ga abin da zai kai su Biyafara ba.

Martanin da ya fi yi wa Gwamnatin Tarayya amfani ba ƙaryatawa ba ne, buɗe ƙofa ne. Cikin 1968 ta gayyato masu sa ido daga Ingila, Kanada, Suwidin, Folan, Majalisar Ɗinkin Duniya da Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka, suka bi bayan soja, suka ga garuruwan da aka kama da mutanen Ibo da ke zaune cikinsu. Rahotonsu ya ce ba su ga shaidar shirin ƙare dangi ba. Magoya bayan Biyafara suka ce ai inda aka kai su kaɗai suka gani, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan. Duk da haka daga ranar gwamnatocin Turai suka sami abin da za su nuna wa majalisunsu. Ƙarya fure ta ke, ba ta 'ya'ya: zancen jihadi da na shirin ƙare dangi suka yi ta yin rauni, zancen yunwa kuwa ya tsaya daram domin kowa ya je ya gan shi.

Farin jini kuma abu ne mai saurin zubewa. A watan Mayu na 1969 sojan Biyafara suka auka wa wani sansanin haƙar mai kusa da Kwale, suka kashe ma'aikata 11, galibinsu 'yan Italiya, suka kama 18 aka yanke musu hukuncin kisa. Sai da Paparoma da shugabannin ƙasashen da ke taimakonta suka sa baki aka sake su. Jaridun da jiya ke yi mata kuka suka juya mata baya. Ojukwu ya yi ƙorafin cewa ran Turawa kaɗan ya fi girgiza Turai bisa ran baƙar fata dubbai, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai wanda ya ari bakin wani dole ya yi haƙuri da abin da bakin ya ga damar faɗi. A watan Agusta na wannan shekara Azikiwe da kansa ya janye, ya sauka Ikko, ya ce a koma Nijeriya ɗaya. Ba a taɓa yi wa ofishin Ekwensi asara irin wannan ba.

Akwai wata tambaya mai nauyi da masana ke ta muhawara a kai har yau. Gowon ya yarda a kai abinci ta hanyar mota, ko ta jirgin sama da rana bayan an bincike kayan. Ojukwu ya ƙi, ya ce ana iya sa guba, ana kuma iya bin hanyar a kawo hari. Amma jiragen makamai a inuwar jiragen abinci su ke sauka Uli da dare, kuɗin waje da ƙungiyoyin agaji ke kashewa a ciki kuma suna shiga asusun gwamnatinsa. Masana da dama na ganin tausayin duniya ya ceci yara masu yawa, ya kuma ja yaƙin da ya kamata ya ƙare cikin 1968 har zuwa Janairu na 1970, ana jiran amincewar da ba za ta zo ba. Cikin waɗannan watanni ne wani matashin hafsa ɗan Minna, Ibrahim Badamasi Babangida, ya sami raunin harsashi a fagen Uzuakoli. Ƙiyasin waɗanda suka mutu a yaƙin ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu, wasu na cewa ya fi, akasarinsu kuma yunwa ce ta kashe su ba harsashi ba.

In aka duba waje za a ga abin bai sake ba. Mutanen Aljeriya sun kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa cikin 1958 ta zaga duniya da tutarsu tun ba su da ƙasa, suka sami 'yanci cikin 1962, amma su Turawan mulkin mallaka su ke yaƙa, maƙwabtansu kuma na bayansu. An yi wa Bangaladash gagarumin wasan waƙa a Niyok a watan Agusta na 1971, amma sojan Indiya ne suka yanke maganar a watan Disamba. Taiwan, tun da ta rasa kujerarta cikin 1971, ta yi ta aiko da malaman noman shinkafa da likitoci Afirka. Nijar ta ƙulla da ita cikin 1992 ta kwance cikin 1996, Burkina Faso ta kwance cikin 2018, a Janairu na 2017 kuma Nijeriya ta ce ofishin cinikinta ya tashi daga Abuja ya koma Ikko. Kosobo ta ci lambar zinariya a wasannin Olamfik na 2016, duniya ta ga tutarta, amma ƙofar Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta buɗu da wannan ba.

Saura abin da ya shafi ɗan Arewa mazaunin Kudu. Biyafara ta tafi, amma hoton da aka zana masa a lokacin bai tafi tare da ita ba. Mai shayi a Obalende, mai canji a Agege, mai albasa a kasuwar Mil Sha Biyu, mahauci a Ama Hausa ta Owerri, kowannensu suna ke riga shi isa wuri. Yau ba a bukatar kamfani a Janiba, wayar hannu ta wadatar. An ga abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Badun a Fabrairu na 2021, an ga matafiya 16 da aka kashe a Uromi a watan Maris na 2025 suna hanyar komawa Kano. Sunan da a ke kira yanzu ba na 1968 ba ne, kuma shi ma ba a kan iska ya tsaya ba, domin ɗaliban Kagara da na Tegina da aka sace cikin 2021 a nan Jihar Neja aka sace su. Wa'adin da wasu matasa suka bai wa Ibo a Kaduna a watan Yuni na 2017, ko da ya ke an janye shi, ba masu shelar ya hana barci ba, mazauna Anaca da Aba ya hana. Shugabannin zango ba su da rediyo, ba su da jakadu. Abin da ke hannunsu shi ne wanda ya yi wa Gowon aiki, watau a bar maƙwabci ya shigo ya gani, a miƙa mai laifi ga hukuma tun kafin a jingina laifinsa ga kowa. Ba kuma sabon abu ba ne: a shekarun 1950 mutanen Inugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafillacen Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garinsu na farko.

Ranar 11 ga Janairu, 1970, Ojukwu ya tashi daga Uli zuwa Kwaddibuwa, ranar 15 kuma Philip Effiong ya miƙa wuya a Barikin Dodan. Kisan da aka yi ta gaya wa duniya zai biyo baya bai auku ba. Gowon ya yi afuwa, ya ƙi karɓar agaji daga waɗanda suka taimaki 'yan tawaye, ƙasashen Afirka huɗun nan kuma ba a daɗe ba suka shirya da Ikko. Shugaba Shehu Shagari ya yafe wa Ojukwu cikin 1982, ya dawo gida ya shiga siyasa, da ya rasu cikin 2011 aka yi masa jana'iza da faretin sojan Nijeriya. Hoton Azikiwe na kan takardar naira 500. Ekwensi ya koma ga alƙalaminsa har ya rasu a Inugu cikin 2007, kuma cikin littattafansa da yaran Kudu suka fi karantawa a makaranta akwai labarin Malam Iliya da na Fulani makiyaya, mutanen da ya fara gani da idonsa a wannan ƙasa ta Arewa.